Fiyus ɗin mota yana yawan ƙonewa: yaya ake gano inda waya ta haɗe?

Tambaya: Daga Runjin Sambo, Sakkwato. Fiyus ɗin fitilun motata yana ƙonewa duk sanda na sa sabo. An ba ni shawarar in ɗaura siririyar waya a gurbinsa. Shin hakan ya dace?

Amsa: Kada ka karɓi wannan shawara, domin hanya ce ta tashin gobara a mota.

Da farko ka sani cewa wutar ƙaramar mota bolt 12 ce. Tana fitowa daga kan batir mai alamar (+), ta bi ta fiyus da makunni zuwa fitila ko hon, sannan ta koma batir ta ƙarfen jikin mota, wanda ke haɗe da kan (−). Idan robar waya ta saluɓe, tagullar ta taɓa ƙarfe kafin ta isa fitila, wuta ta sami gajeriyar hanya ke nan, sai ta kwararo da ƙarfi. An yi fiyus ne don ya narke a wannan lokaci ya yanke wutar. In ka ɗaura waya a gurbinsa, wayarin motar ne zai yi zafi ya narke.

Dalilan haɗuwar waya a garinku sanannu ne. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, ga zafin inji, sai roba ta bushe ta tsattsage. Da damina ruwa yakan shiga soket. Ɓera yakan ci waya a motar da ta daɗe a ajiye. Sannan akwai kayan da aka ƙara daga baya, kamar rediyo ko ƙarin fitila, da aka jona da salatif kawai.

Ga yadda za ka bi:

Na ɗaya: kashe mota, ka duba murfin akwatin fiyus ko littafin motar, ka ga abubuwan da wannan fiyus yake ba wuta. Laifin yana cikin wannan layin.

Na biyu: tabbatar da ƙarfin fiyus ɗin. A irin masu ƙafa biyu da ke yawancin motoci, ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kada ka sa na 30 a gurbin na 10, domin siririyar wayar za ta ƙone kafin shi.

Na uku: maimakon ka yi ta asarar fiyus, nemi ƙwan fitilar mota mai wat 21, ka jona masa waya biyu, ka soka su a ramukan fiyus ɗin, sannan ka kunna layin. Ƙwan ba zai bar wutar da ta kai amfiya 2 ta wuce ba, don haka wayarin ba zai yi zafi ba. Sai ka riƙa zare soket ɗin kayan da ke layin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka zare hasken ya mutu ko ya dusashe sosai, shi za ka fara bincika. In ka zare duka amma ƙwan yana nan da haske, to wayar ce ta taɓa ƙarfe.

Na huɗu: bi wayar kana girgiza ta a hankali, idonka a kan ƙwan. Fi mai da hankali inda take lanƙwasa ko gogar ƙarfe: tsakanin ƙofa da jikin mota, murfin but, ƙarƙashin kujera, da kusa da salansa. Inda ka taɓa hasken ya yi ƙyaftawa, nan ne. Ƙaurin roba da baƙin tabo su ma alama ne.

Na biyar: kafin gyara, cire kan batir mai (−). Yanke wurin da ya lalace, ka jona waya mai kauri ɗaya da ta asali, ka liƙe da dalma, ka rufe da kyau, ka ɗaure ta nesa da kaifin ƙarfe. Sannan ka sa fiyus daidai da na farko.

Abin lura: wayoyi masu rawayen soket galibi na jakar iskar kariya ne. Kada ka gwada su da ƙwan, domin jakar na iya fashewa. Haka nan in matsalar ta shafi kwamfutar mota, kai wa ƙwararren mai wayarin, kuma ka nemi ya nuna maka wurin da ya gyara. Wanda ya ce ya gama alhali bai gano inda wayar ta haɗe ba, ɓoye cutar ya yi.

A ƙarshe, in ka ji ƙauri ko ka ga hayaƙi kana tafiya, tsaya nan take, ka kashe mota, ka fitar da mutane. Ka riƙa ajiye tukunyar kashe gobara a mota, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta wajabta. Allah ya tsare.