Koren Shayi da Lafiyar Zuciya

'Yan'uwa manoma, ana yawan tambaya ko gaskiya ne koren shayi yana maganin ciwon zuciya. Shi ne ganyen nan da Buzaye suke dafawa a 'yar buta bisa garwashi. Yawancinsa daga ƙasar Sin ake kawo mana.

Koren shayi da baƙin shayi duk daga itace ɗaya suke. Bambancin a wajen gyara ne. Baƙin, akan murje ganyen a bar shi ya sha iska har ya yi duhu. Koren kuwa, da an tsinko sai a turara shi ko a gasa shi a kasko nan da nan. Saboda haka wani sinadari da ake kira katekin yakan wanzu a ciki da yawa. Mun san yadda iska da laima suke sa fartanya tsatsa. Haka kitsen da ke cikin jini yakan lalace, ya manne a jijiya, hanyar jini ta ƙuntata. Masana suna ganin katekin yana rage wannan ɓarna.

A shekarar 2006 aka buga binciken da aka yi a yankin Ohsaki na ƙasar Japan, kan mutum sama da 40,000. Masu shan kofi 5 ko fiye a rana ba su mutu da ciwon zuciya da shanyewar jiki kamar masu shan ƙasa da kofi 1 ba.

Amma mu lura, mutanen Japan ba sa sa masa sukari. Mu kuwa sai mun zuba har ya yi kauri kamar zuma. Abin da ganyen ya gyara, sukari ya ɓata, kuɗin gyaɗa kuma ya tafi. Ban da haka, hawan jini da kitsen jini kaɗan ne shayin yake ragewa. Wanda likita ya ba shi ƙwayar hawan jini kada ya bari don yana shan shayi, ya ci gaba da zuwa awo.

Shayi kuma yakan hana jiki samun sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganyen miya, wanda shi ke ƙara jini. Mata masu ciki da masu ƙarancin jini su jira kamar awa 1 bayan cin abinci kafin su sha. Mai tsami na dare yakan hana barci, ga gona tana jira da asuba.