Idan Birkin Akori-Kura Ya Yi Tauri

Duk wanda ya san Minna ya san tsofaffin akori-kura, irin su Peugeot 504, masu jigilar doya daga Gwada da Paiko. Wata matsala da ke addabarsu ita ce birki ya yi tauri ko ya maƙale, ga kaya niƙi-niƙi.

Tauri yawanci daga busta yake, wato baƙar tukunyar nan da ke bayan mazubin man birki. Da zuƙar iskar inji take ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Gwada ta ba wuya: a kashe mota, a taka birki sau 5, a danne shi, sannan a tayar. Idan matakin ya ɗan nutse, lafiyarta lau. Idan ya ƙi, a fara duba tiyonta, wataƙila ya tsage.

Maƙalewa kuwa, sau da yawa tsatsar damina ce ta ci ƙarfen da matakin ke juyawa a kai. Sai a goge, a shafa giris, a duba sifirin da ke dawo da shi.

In abin ya faskara, a nemi bakanike kafin a hau hanyar Suleja da lodi.