Gargaɗi: in faffaɗar taya ta fara goga, kada ku hau babban titi

Masu motoci, musamman matasan da ke sauya tayoyi don mota ta yi kyan tsayuwa, ku saurara. In kun sa faffaɗar taya, sai kuka fara jin ƙarar gurzawa duk lokacin da kuka murɗe sitiyari ƙarshe ko kuka faɗa rami, ku tsaya nan take. Ƙarfen mota ne yake cin tayar. Gefen taya shi ne inda ya fi rauni, kuma in ya yanku babu mai facin da zai iya ceto shi. A zafin bazara, da fasinja cike, a kan hanyar Kano zuwa Kaduna, irin wannan taya fashewa take yi ba sallama.

Tun wajen saye ake kuskure. Ku karanta lambar da ke jikin taya. Corolla da yawa suna zuwa da 195/65 R15: faɗi milimita 195, tsayin gefe kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15. Mai saye sai ya ce a ba shi 225/65 R15 yana ganin faɗi kawai ya ƙara, alhali tayar ta ƙara tsayi da kusan santimita 4. Ga gogar ta samu, kuma agogon gudu ya koma yi masa ƙarya: yana nuna 100, mota tana gudun 106. In dole sai an faɗaɗa, a rage tsayin gefe. 225/45 R17 kusan tsayinta ɗaya da ta asali. Girman da kamfani ya amince da shi yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Shi ma rim yana da lamba a bayansa, ET, mai nuna inda zai zauna. In lambar ta yi ƙasa, taya ta fito waje ta ci bakin madigadi. In ta yi sama, ta shige ciki ta taɓa shokoziba, ko ma bututun man birki. Wannan na ƙarshe ya fi ba ni tsoro, domin ba ya ƙara. Sai ranar da aka taka birki ƙafa ta tafi ƙasa.

Gwajin ba wuya. A shafa alli a bakin madigadi da robar da ke cikinsa, a zuba mutane a baya, a murɗe sitiyari dama da hagu har ƙarshe, a bi ta gargada a hankali. Sannan a leƙa da tocila. Duk inda alli ya goge, ko ƙarfe yake sheƙi, nan ne tayar take ci.

Ina roƙon makanikai su daina cewa "oga, zai zauna da kansa". Ba ya zama. Su kuma daina cusa washa ko sifesa mai arha a bayan rim don turo taya waje. Kaurin sifesa yana cinye zaren da noti zai kama. A kusoshin milimita 12 irin na Toyota, noti yana bukatar ya juya aƙalla sau 8 kafin ya ɗaure. In bai kai ba, wata rana taya za ta fice ta bar mota. Ko sifesa mai kyau aka sa, a sake duba notuna bayan kilomita 50 zuwa 100. Bakin madigadi kuwa, in shi tayar take ci, mai gyaran bodi ya naɗe shi a hankali da zafi. Dukan guduma yana fasa fenti, tsatsa ta biyo baya, ya kuma bar kaifin da zai yanki tayar.

Duk wanda ya ga zare ya fito ko kumburi a gefen tayarsa, ya cire ta yau, kada ya mayar da ita safaya. In an yi gyara gogar ba ta daina ba, a koma girman asali. Don Allah ku isar da wannan saƙo gareji da tasha.