RSA-2048: Lambar da Ake Ta Cewa An Fasa

Lokaci zuwa lokaci labari kan bazu cewa an fasa RSA-2048, wai asirin bankunan duniya ya tonu. Ita dai lamba ce zungureriya mai alƙaluma 617, wadda kamfanin RSA Laboratories na Amurka ya fitar don gasa. An same ta ne ta hanyar ninka wasu manyan lambobi biyu da juna, irin waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 7 da 13. Gano waɗannan biyun shi ne fasa ta. Ba ita ke gadin asusun kowa ba, amma makullan sirri da yawa a intanet lambobi ne masu irin girmanta, shi ya sa ake zuba mata ido.

Wasu na cewa tunda an kasa raba ta, ƙila ma ba ta rabuwa. Wannan kuskure ne, kuma a nan ne abin sha'awar yake. Tabbatar da cewa lamba tana rabuwa daban, gano abin da ke raba ta daban. Akwai gwajin da ya samo asali daga aikin Bafaranshe Pierre de Fermat a ƙarni na 17, wanda kwamfutar gida za ta yi wa RSA-2048 cikin ƙiftawar ido, ta tabbatar tana rabuwa ba tare da ta faɗi da me ba. Kamar mai sayen kankana ne, ya ƙwanƙwasa ya san ta nuna alhali bai ga cikinta ba. Akwai ma lambar da ake kira F20, mai alƙaluma fiye da 300,000: tun 1987 aka tabbatar tana rabuwa, amma an shafe shekaru sama da talatin ba a samo ko lamba ɗaya mai raba ta ba.

Batun cewa akwai ladan dala 200,000 ga wanda ya fasa RSA-2048 gaskiya ne a da. An rufe gasar a 2007.

Jita-jitar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta kwamfutar kwantam. A Disamba 2022 wasu masu bincike a China suka ce na'ura mai kyubit 372 (ma'aunin girman kwamfutar kwantam) za ta iya fasa RSA-2048. Abin da suka raba a zahiri lamba ce mai alƙaluma 15, masana kuma suka nuna babu hujjar cewa dabarar za ta yi aiki idan lamba ta girma. Tushen fargabar dai na gaske ne, domin tun 1994 Peter Shor ya nuna yadda babbar kwamfutar kwantam za ta raba irin waɗannan lambobi cikin sauri. Na'urar da za ta iya ɗaukar wannan aiki ce ba a ƙera ba tukuna. Da kwamfutocin da aka saba kuwa, an raba wata lambar gasar mai suna RSA-250 a Fabrairun 2020, aikin da zai ci ƙwaƙwalwar kwamfuta guda kimanin shekara 2,700, kuma alƙalumanta 250 ne kacal.

Masu rantsuwa cewa ba za a taɓa fasa RSA-2048 ba su ma sun wuce gona da iri. A 1977 marubuci Martin Gardner ya buga wata lamba irinta mai suna RSA-129 a mujallar Scientific American, da ladan dala 100 da hasashen cewa raba ta zai ɗauki shekara miliyan 40 sau biliyan ɗaya. A Afrilun 1994 'yan sa-kai kusan 600 suka gama da ita cikin wata takwas, saboda dabarun lissafi sun ci gaba fiye da yadda aka zata. Hukumar NIST ta Amurka ba ta zauna jira ba: a Agustan 2024 ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku na tsare bayanai waɗanda ba su dogara da wahalar raba lamba ba.