Shirye-shiryen Kirista a Talabijin, da Maƙwabcin da ke Kallo a Kasuwar Shasha

Duk wanda ya yi nufin yin magana a kan sha'anin talabijin a ƙasar nan, na addini ne ko na duniya, wajibi ne ya fara da birnin Ibadan, domin a nan ne, a unguwar Agodi, ranar 31 ga Oktoba 1959, gwamnatin Jihar Yamma a ƙarƙashin Firimiya Obafemi Awolowo ta buɗe tashar WNTV, wadda ita ce ta farko a Nijeriya, tun ana saura shekara guda a sami mulkin kai, alhali Kaduna ba ta sami tata ba sai a 1962. Saboda haka Hausawan Sabo, waɗanda aka keɓe musu unguwarsu tun 1916 suna fataucin goro da shanu, sun riga 'yan'uwansu na Kano da Katsina da Sakkwato sanin wannan akwati, sun kuma riga su ganin limamin coci yana huɗuba a cikinsa ranar Lahadi.

A wancan zamani al'amarin yana da sauƙi, gama tashar ta hukuma ce, ita ke yanka wa kowane addini ɗan lokacinsa bisa ƙa'ida, Kirista su yi sujadarsu, Musulmi su yi wa'azinsu, a rufe tasha da dare kowa ya kwanta. Abin ya fara sauya kama ne a shekarun 1970, sa'ad da Benson Idahosa na Benin, wanda ya yi karatu a Amurka ya ga yadda masu bisharar can ke sarrafa talabijin, ya soma sayen lokaci yana gabatar da shirinsa mai suna Redemption Hour. Daga baya da tattalin arziki ya taɓarɓare, gwamnati ta ce wa tashoshinta su nemi abin da za su riƙe kansu da shi, sa'an nan dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar tashoshi, sai ya zamana babu abokin cinikin da ya fi mai wa'azi daraja a wurin manajan tasha, domin shi ne ke zuwa da shirinsa a haɗe, ya biya kuɗi hannu, ya kuma dawo mako mai zuwa. Wanda bai fahimci wannan ciniki ba, da wuya ya fahimci dalilin da ya sa waɗansu majami'u suka cika fuskar talabijin, waɗansu kuwa, da suka fi su daɗewa da yawan makarantu da asibitoci, da ƙyar ake jin ɗuriyarsu.

To, me ya haɗa ɗan kasuwar Shasha da wannan zance? Kasuwar, wadda ke arewacin birnin Ibadan a ƙaramar hukumar Akinyele, ita ce masaukin manyan motocin da ke kawo tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daga Arewa, kuma a cikinta da kewayenta Bahaushe da Bayarabe suna zaune ƙofa da ƙofa, dillali da ɗan dako da mai shayi da mai ɗinki da matar da ke sari kwando-kwando. Akwatin da ke shagon mai aski ko a rumfar mai sayar da abinci ba ya tambayar addinin wanda ya zauna a gabansa, kuma tun da kwanon tauraron ɗan'adam ya yi arha, wayar hannu kuma ta zama talabijin a aljihun kowa, Musulmin da bai taɓa taka ƙofar coci ba yakan ga abin da ake yi a cikinta fiye da yadda kakansa ya taɓa gani. Mafi yawan abin da ya sani game da addinin maƙwabcinsa ta nan ya same shi. Mai shirya irin waɗannan shirye-shirye yana zaton da mabiyansa kaɗai yake magana, alhali kuwa yana ba da shaida ne a kan addininsa gaban mutanen da ba su da wata hujja sai abin da ya nuna musu.

Adalci ya wajabta a fara da abin da ya yi kyau, kuma yana da yawa. Akwai shirye-shiryen karantarwa, inda malami ke zama da Littafi Mai Tsarki yana bin sa aya bayan aya, cikin natsuwa, yana jan hankalin mabiyansa ga riƙon amana da haƙuri da kyautata wa iyali da barin giya da zina, waɗanda duk wani ɗalibin da ya saba zama a gaban mai tafsiri zai gane tsarinsu ko da bai yarda da aƙidar ba. Akwai waƙoƙin ƙungiyoyin mawaƙa da aka horar da kyau. Akwai kuma hidimar da akwatin ke yi wa tsoho da majinyaci da wanda aiki ya tsare, abin da ya fito fili a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka taƙaita taruwa a wuraren ibada, coci da masallaci duka. Amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, tun da a Ibadan muke, shi ne wasan kwaikwayo. A wannan birni ne ƙungiyar Mount Zion ta Mike Bamiloye, wadda aka kafa a 1985, take da mazauni, kuma ita ce ta fitar da wasan Agbara Nla a farkon shekarun 1990, wanda tashoshin ƙasar Yarabawa suka riƙa nunawa kashi-kashi, har ya zamana yara da manya, Kirista da Musulmi, sun san sunan bokan wasan, Isawuru. Hikimar mutumin ita ce ya gane cewa ɗan'adam ya fi riƙe labari a kan huɗuba, ya kuma yi maganarsa da harshen mutanensa, da karin maganarsu, da irin tsoron da ke kwana a zukatansu. 'Ya'yansa sun gaji sana'ar, sun inganta hoto da sauti, suna sakin ayyukansu a YouTube. Duk da haka masana al'adun Yarabawa sun daɗe suna kuka da cewa irin waɗannan wasanni sukan mai da duk wani abin gargajiya aikin shaiɗan, su sa mutum ya riƙa zargin kakarsa ta ƙauye da maita duk sa'ad da ciniki ya tsaya, kuma a ganina kukan nasu yana da tushe.

Inda aibin ya fi girma shi ne wajen nuna al'ajibai. An kai wani lokaci da mutum ba zai murɗa tasha ba face ya tarar da gurgu ya jefar da sanda, ko mace tana birgima a ƙasa ana cewa ana fitar mata da aljani, kyamara tana bin fuskarta, ba a sakaya sunanta ba balle mutuncinta, sa'an nan a rufe da lambar asusun banki da alkawarin cewa wanda ya shuka iri zai girbi ninki. Ba hurumin marubuci Musulmi ba ne ya yanke wa Kirista hukunci a kan abin da suka gaskata game da warkarwa, kuma mu ma mun yi imani da mu'ujizar annabawa da karamar waliyyai. Abin da ya halatta kowa ya tambaya shi ne ko an tabbatar da abin da aka nuna, ko majinyacin ya yarda a baje sirrinsa, ko kuma an sa wani ya bar maganin asibiti saboda abin da ya gani. Malaman Kirista da kansu, musamman na tsofaffin ɗarikoki, sun riga kowa yin waɗannan tambayoyi. A 2004 hukumar NBC, a zamanin shugabanta Silas Yisa, wanda shi ma Kirista ne, ta hana tashoshi nuna al'ajiban da ba a iya tabbatar da su ba. Dokar hukumar kuma ta haramta ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin tasha, ƙa'idojinta na wancan lokaci sun iyakance shirye-shiryen addini ga kashi 10 cikin 100 na lokacin tasha a mako, sun kuma hana wani addini ya ci zarafin wani.

Sai dai doka tana tafiya a ƙasa, fasaha kuwa ta bi ta sama. Manyan majami'u suka koma ga tauraron ɗan'adam suna watsowa daga waje: LoveWorld ta Chris Oyakhilome, da Emmanuel TV ta T. B. Joshua wadda ta fara a 2006, da waɗansu da dama, suna aiki dare da rana. Tashar da ta ɗauki nauyin cika sa'o'i 24 da fuskar mutum guda kuwa, tilas ta yi ta maimaici, tilas kuma kowace shaida ta fi ta jiya ban mamaki, in ba haka ba mai kallo ya murɗa gaba. Daga ƙarshe hukuncin da ya yi tasiri daga waje ya zo. A 2021 hukumar Ofcom mai kula da tashoshin Birtaniya ta ci tashar LoveWorld ta can tarar fam 125,000 saboda maganganun da ba su da tushe a kan korona, a shekarar kuma YouTube ya rufe shafin Emmanuel TV, 'yan watanni kafin rasuwar Joshua a watan Yuni, kuma a Janairun 2024, bayan binciken da BBC ta watsa mai ɗauke da zarge-zarge masu nauyi daga tsofaffin almajiransa, tashar tasa ta bar DStv. Abin takaici ne a ce sai baƙo ya zo ya auna mana abin da muke shigarwa ɗakunanmu.

Akwai wani giɓi kuma da ba a cika ambatonsa ba. Cikin direbobi da yaran mota da masu gadi da sojoji da 'yan sanda da ke zaune a Ibadan akwai Kirista masu yawa daga Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Gombe da Adamawa, har da Hausawan asali na ƙasar Kano da Katsina, waɗanda da Hausa suke addu'a, da Hausa suke waƙa, a majami'u irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN. Waɗannan suna da gado mai tsawo: an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da Dokta Miller na Zariya ya yi ɗawainiya a kansa, rediyon ELWA da aka buɗe a Laberiya a 1954 ya riƙa watso shirye-shirye da Hausa, haka kuma ɗakin shirye-shiryen Muryar Bishara da ke Jos. Wanda ya saurari irin wannan wa'azi na rediyo ya san yana da ladabi da taushin harshe, domin masu yinsa sun tashi tare da Musulmi, sun san abin da ke ɓata musu rai. Amma da aka zo zamanin hoto, kuɗi yana Legas da Benin da Fatakwal, sai Turanci da Yarabanci suka mamaye fage, Bahaushen Kirista ya zama baƙo a tashoshin addininsa, Bahaushen Musulmi kuma ya ɗauka cewa Kiristanci duka ihu ne da neman kuɗi, bai san cewa mutumin da ya kawo masa kayan gwari daga Filato yana da wata irin ibada dabam ba.

Kada kuwa mai karatu Musulmi ya gyara zama yana murmushi, domin ma'aunin nan bai bar kowa ba. Tun daga tafsirin Shaihu Abubakar Gumi a rediyon Kaduna har zuwa tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Sunnah TV da Manara, mu ma mun shiga wannan fage, kuma maƙwabcinmu Kirista mai jin Hausa yana saurarenmu kamar yadda muke kallonsa. Shi ma yakan ji raddi da gugar zana, yakan ga masu ruƙiyya suna nuna marasa lafiya a waya, yakan ji yadda ake ambatonsa. Wanda ya san tarihin hijirar sahabbai zuwa Habasha wurin Najjashi, da yadda aka karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, ya san cewa mujadala da Ahlul Kitabi tana da ladubbanta.

Mutanen Shasha ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan abin da magana ke iya haifarwa. A watan Fabrairun 2021 saɓani tsakanin ɗan dako da wata mai shago ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka yi asarar rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, har gwamnoni daga Arewa suka zo jaje da sulhu. Rikicin nan ba na addini ba ne, ba kuma talabijin ya haddasa shi ba, kuma zalunci ne a jingina shi ga wani mai wa'azi. Amma ya nuna yadda jita-jita ke gudu a waya, da yadda mutanen da suka shekara suna ciniki tare ke iya wayar gari suna kallon juna da surar da wani ya zana musu daga nesa. Zuciyar da aka daɗe ana gaya mata cewa maƙwabci maƙiyi ne kamar busasshiyar ciyawa take a lokacin hunturu, ba ta tambayar wanda ya yar da guntun taba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin majami'un da ke hidima da Hausa, a Ibadan da Jos da Kaduna, su haɗa ƙarfi su horar da matasansu aikin kyamara da rubutun wasa, su fitar da shirye-shiryen da za su iya kallo tare da maƙwabcinsu ba tare da sun sunkuyar da kai ba. Ina kira ga hukumar NBC ta zartar da ƙa'idojinta a kan kowane addini daidai wa daida, da tashoshin gwamnati irin su NTA Ibadan da BCOS su duba abin da aka kawo musu kafin su karɓi kuɗi. Kai kuwa mai gida, ko a Sabo kake ko a Shasha, Musulmi ko Kirista, ka riƙa zama tare da 'ya'yanka sa'ad da suke kallo, in kuma ka ga wani abu game da addinin maƙwabcinka da ya ɗaure maka kai, ka je rumfarsa bayan an tashi kasuwa ka tambaye shi.