Tsukewa da toshewa: kalmomin da mai wankin jini ke bukata

Na'urar wankin jini tana jan kamar mililita 300 a minti, awa huɗu, sau uku a mako. Jijiyar hannu ba ta iya ba da wannan. Shi ya sa, tun dabarar da Brescia da Cimino suka bayyana a Amurka a 1966, likita ke ɗinke jijiya biyu wuri guda, galibi a wuyan hannu: mai fitar da jini daga zuciya da mai mayar da shi. Bayan mako shida ko fiye, ta biyun ta yi kauri, ta isa a soke ta da allura.

A nan matsalar harshe ta fara. Hausa tana da jijiya guda ɗaya inda Faransanci ke da artère, veine, nerf da tendon. Sunan aikin kuwa, fistule, a kunnen matan ƙasarmu yoyon fitsari yake nufi. A ganinmu "haɗin jijiya" ya fi dacewa.

Haɗin yana lalacewa ta hanya biyu, kuma bai kamata tafinta ya gama su cikin kalmar "toshewa" ba. Ta farko tsukewa ce (sténose): ɓawon cikin jijiyar yana ƙara kauri sannu a hankali, yawanci kusa da ɗinkin, har hanya ta matse. Alamunta: jini ya daɗe bai tsaya ba bayan an zare allura, hannu ya kumbura, ko na'ura ta kasa jan jini. In tsukewar ta wuce rabin faɗin jijiyar kuma ga alamu, sai a zura siririn bututu mai balan-balan a kai, a hura shi daidai wurin, ya buɗe. Tsukewar takan dawo, a sake hurawa. Wani lokaci a bar ɗan ragar ƙarfe ya tokare bangon, ko a yi aiki a kauce wa wurin.

Ta biyu toshewa ce (thrombose): jini ya daskare ya zama guda, hanya ta rufe ɗungum, kuma mafi yawa tsukewar da ba a kula ba ce mafari. Ana fidda gudan da aiki ko ta bututu, ko a narkar da shi da magani, sannan a buɗe tsukewar da ta haddasa. Jinkiri na rage sa'ar ceto haɗin, marar lafiya ya koma ga bututun wuya, mai saurin shigar da ƙwayar cuta cikin jini.

Mai ciwon shi ne mai gadin farko, kuma a nan Hausa ba ta da talauci. Haɗi lafiyayye, in an ɗora yatsu, yana rawa zirrr ba yankewa. In ya koma bugu bal-bal mai ƙarfi, akwai tsukewa a gaba. In ya yi shiru, sai a kama hanyar asibiti a ranar, ko da daga Tawa za a nufi Yamai.