A Kai Ɗalibai Bakin Ruwa Kafin a Ce Su Siffanta Hunturu

Yaron da ya tashi a Yalwa, Wara ko Shanga ya san lokutan shekara da hancinsa da fatarsa. Amma da zarar malami ya ce a rubuta insha'in siffantawa a kan hunturu, sai ya tsaya a "akwai sanyi da ƙura". Dalili kuwa, an saba ba shi samfuri ya haddace, alhali abin siffantawar na nan ƙofar makaranta.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ƙasar Yawuri take zaune a gefen tafki mai samun ambaliya biyu a shekara. Da damina ruwa kan zo a dame, cike da laka, shi ne farin ruwa. Can cikin hunturu sai baƙin ruwa ya iso daga tsaunukan Gini, bayan ya yi watanni a hanya ya zubar da lakarsa a fadamun Mali, ya zo garau. Ɗalibin da aka tsayar a gaɓa a watan Satumba, aka komar da shi a Janairu, aka ce ya faɗi launin ruwan, ya riga ya koyi lura. Sai a ƙara masa da hayaƙin bandar kifi, da warin albasar Gungawa a kasuwa, da ƙarar injin jirgi cikin hazo, da kaushin igiyar taru a tafin hannu. Jimla ɗaya ga kowace gaɓar ji ta ishi darasin farko.

Wasu malamai za su ce aji ya cika, jarrabawar WAEC da NECO kuma na tafe. Gaskiya ne, amma wannan aiki ba ya cin kuɗi, kuma mai duba takarda ya fi lura da bayanin da ido ya gani a kan wanda ya karanta sau ɗari. Wasu kuma na tsoron yaro zai cusa kalmomin Gunganci ko Kambarci. To, ya kawo su. Daga nan ne malami zai taya shi nemo takwarorinsu na Hausa, kalmominsa su ƙaru.

Malamai, baƙin ruwa na zuwa kowace shekara. Ku fitar da yaran nan da littafi da biro su gan shi.